Hanyar da Na Nuna wa Mai Awo

Ni mutum ne da ba ya iya bin doguwar hanya muddin akwai gajera. Tun ina saurayi haka nake. In na ga hanya ta yi kwana don ta kauce wa gonar wani, sai in ji kamar da gangan ake ɓata mini lokaci, raina ya soma tafasa. Sana'ata sayen hatsi. Ina bin ƙananan kasuwanni a kan babur, in sayi gero da dawa da wake tiya-tiya, in sun cika buhu in kai Kurfi ko Dutsin-Ma. A wannan sana'a wanda ya riga isa bakin kasuwa shi yake tare masu kawo kaya, saboda haka babu wani burtali ko kwazazzabo ko ratse a yankin Barkiya da ban sani ba. Mutanen ƙauyenmu har tsokanata suke yi, wai ko makabarta za a kai ni sai na ɗago kai daga makara na ce a yanke ta bayan gidan wane. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wannan tsokana.

'Yata ta fari ita ce ta fara cin jarrabawar shiga sakandare a gidanmu kaf. Firamare a cikin ƙauye ta yi, ana buga ƙararrawa muna ji daga tsakar gida. Sakandaren kuwa ta jeka-ka-dawo ce, tana can bakin titi, kuma hanya biyu ce take kai mutum gare ta. Da rani yara suna miƙewa ta cikin rafi, tunda babu komai a cikinsa sai yashi, su bi gefen gonaki, kafin awa guda sun isa. Da damina rafin nan yana kawo ruwan da ko saniya ba ta shiga, gonaki kuma duk shuka, sai a zagaya ta hanyar jar ƙasa da take bi ta kan gada. Wannan zagaye ko babban mutum sai ya yi awa biyu da ɗoriya yana tafiya.

Da sakamakon ya fito, yayata da take aure a Dutsin-Ma ta aiko cewa a ba ta yarinyar, ga makaranta nan a bayan gidansu. Na ce a yi mata godiya, amma a'a. Ba don ina zargin yayata da komai ba. Ni kaina riƙo aka ba da ni, ina ɗan shekara bakwai aka kai ni gidan kawuna a Kurfi. Bai taɓa barina da yunwa ba, bai taɓa bambanta ni da 'ya'yansa ba, Allah ya jiƙansa. Amma ranar da mahaifina ya rasu aka zo aka ɗauke ni, na zauna a zaure cikin masu karɓar gaisuwa ina neman hawaye na rasa. Ban san mutumin ba. Ban san yadda yake dariya ba, ban san abin da yake ɓata masa rai ba. Tun daga ranar na ƙudurta cewa duk ɗan da Allah ya ba ni, a gidana zai kwana a gidana zai tashi. Abin da nake so bai wuce wannan ba, yarinyar ta yi karatu, kuma da yamma in shigo in tarar da ita a tsakar gida.

Ta shiga makarantar a ƙarshen damina. Makonnin farko na yi ta kai ta a babur ta hanyar gada, kafin a jima rafi ya ƙafe ta shiga ayarin yaran ƙauyenmu, su goma sha wani abu. Hankalina bai kwanta ba duk da haka, domin na san damina za ta dawo, kuma zangon da ake jarrabawar wucewa aji a tsakiyarta yake faɗowa.

Ana cikin haka muka ji a rediyo cewa gwamnati za ta ba da motocin ɗaukar ɗalibai ga yaran da suke nesa da makaranta. Shugaban makarantar ya tabbatar mana, ya ce za a turo ma'aikaci ya auna nisan kowane ƙauye. Mu dai ba mu yi shakkar komai ba. In mu ba mu da nisa, wa yake da nisa? Ni kuma da kaina na yi wa abin fassara irin ta ɗan kasuwa, na riƙa bin majalisa ina koyar da mutane. Na ce awon nan don a san man da mota za ta sha ne, kuma gwamnati kamar kowa take, inda ta ga sauƙi nan take fara sa hannu. Babu wanda ya musa mini, tunda ni nake zuwa birni.

Ma'aikacin ya iso wata rana da bazara, rana ta take tsaka, a kan wani jan babur. Daga wasu ƙauyuka na bayanmu ya ɓullo, fuskarsa duk gumi, rigarsa ta manne masa a baya. Mai unguwa ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo ruwan randa, aka dama fura. Aka aika a kira ni. Da baƙon ya sha ya dawo hayyacinsa, ya fito da wani littafi ya ce zai auna daga ƙofar masallacinmu zuwa ƙofar makaranta, da mitar babur ɗinsa.

Ya dubi mai unguwa ya ce, "Baba, da nisa ne daga nan?"

Mai unguwa ya ce, "Haba, ranka shi daɗe, kusa ne. Nan ne bayan itatuwan can."

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san ba ƙarya tsohon ya yi ba. Mu ba ma ce wa baƙo da nisa. In ka ce masa da nisa ka karya masa gwiwa, kuma kamar ka ce masa ya yi wautar zuwa wurinka. Ban da haka akwai 'yar kunya a ciki, domin ƙauyen da ya amsa cewa yana nesa ya amsa cewa shi daji ne. Ko mutum zai yi tafiyar yini, abin da za a ce masa ke nan, kusa ne, kuma a haɗa shi da wanda zai nuna masa hanyar da ta fi sauƙi.

Mai unguwa ya juyo gare ni ya ce, "Kai ka san hanya. Bawan Allah wanga ya sha rana, kada ka wahal da shi."

Ma'aikacin ya tsaya a ƙofar masallaci ya rubuta abin da mitarsa ta nuna. Ya tambaye ni wace hanya yara suke bi, na nuna masa ta rafi. A wannan watan gaskiya na faɗa. Na shiga gaba yana biye, muka gangara cikin yashi, muka tura baburan da ƙafa har muka haye. To a nan ne. Bayan rafin akwai wata ƙatuwar gona ta wani Alhaji, yara ba sa shiga cikinta ko da rani, suna bin burtali ne su zagaye ta, saboda masu gadin karansa suna da faɗa. Ni ba na zagaye ta. Na karya kan babur na faɗa tsakiyar gonar, ina tsallake tsofaffin kunyoyi, ina ratsa tsakanin tarin kara. Ina waiwaye ina ganin baƙo yana tsalle a kan sirdi yana riƙe hula da hannu ɗaya, ni kuwa sai daɗi nake ji, ina cewa a raina yau zai san ya haɗu da wanda ya san ƙasa.

A ƙofar makaranta ya duƙa ya duba mita, ya rubuta. Ya sake kallon abin da ya rubuta, sannan ya ce, "Malam, nan suke bi kullum?"

Na ce, "Kullum. Akwai ma wadda ta hi wagga gajarta, don dai babur ɗinka ba shi iyawa."

Ya yi dariya, ya ce na hutar da shi. Muka yi musabaha. Na koma gida ina fito, na ce wa mai ɗakina ta fara shirin jin hon ɗin mota a ƙofar gida.

Sunayen ƙauyukan da suka samu sun fito ana saura 'yan kwanaki a koma makaranta daga hutu. An manna takardar a bangon ofishin shugaban makaranta. Na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama, na sa yatsa ina bi layi-layi. Babu mu. Ga wani ƙauye can gaba da gada an sa shi, mutanen da in damina ta yi sun fi mu kusa da makaranta. Na faɗa ofis ko sallama ban gama ba. Shugaban makarantar mutum ne mai sanyi, ya bari na gama zuba, sannan ya ce in zauna. Ban zauna ba. Ya ce akwai ma'aunin da aka yanka, wanda ya kai shi ya shiga, wanda bai kai ba ya fita. Ya faɗa mini ma'aunin, ya faɗa mini abin da aka rubuta mana. Ya nuna wata bishiyar darbejiya ta taga ya ce, abin da ya rage muku bai fi daga nan zuwa can ba.

Na fito na koma gida. Mitar babur ɗina ta daɗe da mutuwa, don haka na ari na wani maƙwabcina. Na koma ƙofar masallaci na taso, na bi ta rafi, na bi burtali kamar yadda yara suke yi, ban taka gonar Alhaji ba. Da na isa ƙofar makaranta mita ta wuce ma'aunin. Ban yarda ba na koma na sake. Ta sake wucewa. Ashe ko hanyar ranin ma, da na bi sawun yaran kawai, da mun shiga. Ni da nake sana'ar awo, na san bambancin tiya mai tozo da shafaffiya tun ban iya ɗaura wando ba, aka zo auna ƙauyenmu na sa hannu na shafe tozon da kaina.

Ban gaya wa kowa ba. A majalisa ana ta zagin ma'aikacin, wasu na cewa an saye shi, wasu na cewa don ba mu da kowa a sama. Ina zaune ina jin su, in tashi in koma gida, in kasa zama a gida in sake fitowa. Abinci ma a tsaye na koma ci. Mai ɗakina ta ce ko ƙudan zuma ne suka shiga mini riga.

Na shiga zirga-zirga. Na je ofishin da aka ce abin yana hannunsu, ban san sau nawa ba. Ba su wulaƙanta ni ba, sun ba ni benci, sun saurare ni. Amma amsar ɗaya ce, takarda ta riga ta wuce sama, an buga katin yara, an ba direba hanyarsa, sai in an sake buɗe rajista baɗi. Na kai takardar mai unguwa da hatiminsa, aka karɓa aka sa a fayil. Na tambayi ma'aikacin da ya auna mu, aka ce yana aiki a ɓangaren Dutsin-Ma. Ranar ko kasuwa ban ci ba, na bi shi makaranta biyu ana cewa yanzu ya tashi, a ƙarshe na same shi a wurin mai faci ana gyara masa taya.

Ya gane ni. Na zayyana masa komai, na ce ya taimaka ya zo mu sake. Ya ce, "Malam, sau biyu na tambaye ka."

Na ce, "To mi ya hana ka hwaɗa mini akwai ma'auni?"

Ya ce, "An hana mu faɗa. In muka faɗa, kowane ƙauye sai ya zagaya da mu ta Katsina kafin ya kai mu makaranta."

Na so in yi fushi da shi, na duba na rasa ta inda zan kama. Ya ce in an buɗe rajista shi da kansa zai dawo, ya rubuta sunan ƙauyenmu a bayan littafinsa ina kallo. Na hau babur na bar wurin ban ko yi masa sallamar kirki ba.

Ruwa ya sauka. Aka yi shuka, gonaki suka rufe, rafi ya kawo. Yaranmu suka koma zagaye ta gada, suna fita da an idar da sallar asuba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne motar ta wannan hanyar take bi. Doguwar bas ce mai ruwan ɗorawa, takan wuce su da safe za ta ɗauko yaran ƙauyen gaba, ta sake wuce su a dawowa, su matsa cikin ciyawa ta watsa musu taɓo. Ga kujeru a baya babu kowa, da idona na gani. 'Yata ta ce 'yan ajinsu suna ɗago mata hannu ta taga.

Wata safiya na kasa daurewa. Na gitta babur a tsakiyar hanya kusa da gada, na tsaya. Direban ya taka birki, ya leƙo. Dattijo ne mai furfura, ba irin wanda ake ɗaga wa murya ba, amma na ɗaga. Na ce motar gwamnati ce ko ta gidansu, na ce ga wuri a fili ga yara a ƙasa, wane irin rashin imani ne wannan. Ya bari na yi shiru, ya ce, "Alhaji, wallahi ina ganinsu, kuma ba daɗi nike ji ba. Amma wanda ba shi da kati in na ɗauka wani abu ya hwaru, ko aka tare ni bincike, mi zan ce? Aikina ke nan, da shi nike ci da iyali." Yaran cikin mota duk sun leƙo suna kallo. Na janye babur.

Da yamma 'yata ta same ni ina wanke taɓon taya. Ita ba ta iya ɓoye magana, a nan ta biyo ni. Ta ce, "Baba, don Allah kada ka ƙara. Yau duk aji ni ake nunawa, wai ga ɗiyar mai tare mota." Na ce don wa na yi? Ta ce, "Ni dai ban aike ka ba." Uwarta ta daka mata tsawa, ni kuwa dariya ta kusa kuɓuce mini duk da baƙin cikin da nake ciki.

Ayarin ya fara raguwa. Wannan uban ya ce ɗansa ya tsaya noma sai ruwa ya ɗauke, wancan ya ce 'yarsa ba ta ƙara dawowa da la'asar sakaliya da kumburarrun ƙafafu. Kafin wata guda sun koma su uku, daga baya ita kaɗai. A zamanin nan kuwa babu mai barin yarinya ta bi wannan hanya ita kaɗai, kowa ya san dalili. Sai na koma kai ta da ɗauko ta. In na kai ta da safe na makara kasuwa, wasu sun tare kaya. In ina tsakiyar ciniki sai in ga rana ta karkata, in bar buhu a hannun maƙwabci in kama hanya. Kullum ina kan babur, kullum a makare, kuma ko'ina na je hankalina yana ɗaya wurin.

Saurin ne ya kayar da mu. An kwana ana ruwa, jar ƙasar nan ta zama kamar sabulu, ni kuma ina son in sauke ta in kama wata kasuwa mai ci da wuri. A gangaren gada tayar baya ta zame. Ba mu ji wani mugun ciwo ba, amma babur ya danne mata ƙafa, salansa ta ƙona mata ƙwauri. Ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe hijabinta da ya koma ja da taɓo tana cewa littattafanta, littattafanta. Kwana tara ba ta taka ba, jarrabawa kuma saura mako uku.

A cikin kwanakin nan ne mai ɗakina ta tare ni da hantsi ina shirin fita. Ta ce in tsaya, yau sai mun yi magana. Ta ce, "Malam, ba ka iyawa. Kai ba ka huta ba, ita ba ta huta ba, kasuwa ta lalace. Ko ta tahi wurin Yaya, ko ta zauna gida ta bar karatun. Kai ka zaɓa." Na ce baɗi mota za ta zo. Ta ce baɗi ba bana ba ce.

A nan na gaya mata maganar gonar Alhaji. Na faɗa mata duka, har da awon da na je na sake a ɓoye. Tana tankaɗe ne, ta ajiye rariya ta dube ni. Na ɗauka za ta yi faɗa, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Kai da saurinka," ta ɗauki rariyarta ta ci gaba. Daga nan na wuce wurin mai unguwa na faɗa masa shi ma. Tsohon ya daɗe yana shafa gemu, ya ce ai shi ya ce kada in wahalar da baƙo, in laifi ne mu raba. Bai rage mini komai ba.

Shugaban makarantar ya yi mana ƙoƙari aka yi mata canji zuwa Dutsin-Ma cikin 'yan kwanaki, ya kuma ce zai bar sunanta a littafinsa. Ranar da zan kai ta, ta ɗaure kayanta a ɗankwalin uwarta, ta hau bayan babur. Sai da muka hau titi ta matso kusa da kunnena ta ce, "Baba, ba kai ka ce ba ka ba da riƙo ba?" Na ce ba riƙo ba ne, zango ɗaya ne, da mota ta zo zan dawo da ke. Ta ce to. Iska tana dukan idona, na bar shi a kan iska ce.

Zango ɗaya ya zama shekara. Ina zuwa Dutsin-Ma kusan kowane mako, amma zuwan ɗan kasuwa ne, in leƙa a tsaye in ajiye tiyar wake in ce ina sauri. Sau da yawa tana makaranta ko Islamiyya, sai dai a ce za a gaya mata. Da hutu takan zo ta yi mako biyu ta koma, saboda akwai darasin hutu. Gidan ya yi mini faɗi. Ƙannenta suna nan suna ta hayaniyarsu, amma babu mai tare ni da musu.

Ma'aikacin ya cika alkawari. Da bazara ta zagayo sai ga shi a kan jan babur ɗinsa. Aka shimfiɗa tabarma, aka dama fura. Ya dubi mai unguwa yana murmushi ya ce, "Baba, da nisa ne?" Tsohon ya buɗe baki ya rufe, kamar an ce ya zagi kansa a gaban jama'a, da ƙyar ya ce, "To, akwai 'yar tahiya." Na shiga gaba, na bi da shi ta hanyar gada, a hankali, ban yanke ko taku ɗaya ba. A rayuwata ban taɓa tafiyar da ta gundure ni kamar wannan ba. Aka sa mu a takarda. Sai dai kafin a buga kati a gyara wa direba hanya, wata daminar ta zo ta wuce.

Ranar da shugaban makaranta ya miƙo mini katinta, da hotonta a jiki, ko gida ban biya ba. Na kama hanyar Dutsin-Ma katin yana aljihun gaba, ina taɓa shi ina ƙara wuta. Na tarar da yayata a tsakar gida tana gyaran zogale. Na ce mota ta zo, na zo ɗaukar 'yata. Ta ce in zauna tukuna in sha ruwa. Ta ƙwala kira.

'Yata ta fito daga ɗaki. Ta yi tsawo, har ta kusa kamo gwaggonta. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ta koma ta kawo ruwa a kofin gilashi a kan faranti, irin wanda yayata take ajiyewa a kabad, ta ajiye a gabana ta ja da baya. Na fito da katin na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta duba hoton, ta ce an gode Allah.

Yayata ta ce, "Ƙanena, ka bar ta ta ƙare mana. Ta saba da malamanta, ita ce ta biyu a aji, an ma ba ta riƙon ɗakin karatu. Ga makaranta nan, in an buga ƙararrawa muna ji. Amma ɗiyarka ce."

Na juya ga yarinyar na ce, ke mi kika ce?

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk yadda ka ce, Baba."

Na jira ko za ta ƙara wani abu. Ina so ta ce ba ta zuwa, ta ce na cika rigima, ta ce komai. Tana durƙushe tana juya katin a hannunta, tana satar kallon gwaggonta. Na gane in na ce ta tashi za ta tashi, ta ɗaure kaya ta hau babur, kuma ba za ta ce mini komai a hanya ba.

Na ce ta zauna ta ƙare. Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta miƙo mini katin ta ce ko za a ba wani, kada kujerar ta tafi a banza. Na karɓa na mayar aljihu. Ruwan ma ban iya shanyewa ba, na tashi. Ta ce in gaida Inna da yara, Allah ya kiyaye hanya.

Da na iso gida mai ɗakina tana bakin ƙofa, ta share ɗakin yarinyar ta shimfiɗa sabon zanen gado. Ta leƙa bayan babur, ta dube ni.

Ta ce, "Ina take?"

Na ce, "Tana gaishe ki."